Zaki a Cikin Rumbu

(Wani ƙauye a yankin Sumaila, tsakiyar damina. Rafi ya cika ya tare hanyar makaranta, don haka Mai Bishara ya tara 'ya'yansa a gindin darbejiya yana koya musu da kansa. Yana karanta Turanci, yana juyawa da Hausa. Iya na ɓarar gyaɗa a gefe.)

MAI BISHARA: Yara huɗu ne aka kwashe daga Landan saboda ruwan bama-bamai na Yaƙin Duniya na Biyu. Sai ƙaramarsu ta shige cikin sif, ta ɓulla wata ƙasa...

IYA: Kai wannan! Tatsuniya da rana tsaka? So kake jikokina su ɓata?

MAI BISHARA: Ba tatsuniya ba ce, Iya. Littafi ne, sunansa The Lion, the Witch and the Wardrobe. Wani malamin jami'ar Okusfod, C.S. Lewis, ya fitar da shi a 1950. Guda bakwai ne ma jerinsu.

IYA: Dabbobi na magana a ciki?

MAI BISHARA: Suna yi.

IYA: Zaki ne sarki?

MAI BISHARA: Shi ne.

IYA: To ai sauran Gizo da Ƙoƙi. Mu da muke yinta kyauta ba a ce mana malamai ba.

(Tanko maƙwabci ya yi sallama, fartanya a kafaɗa.)

TANKO: Malam, ci gaba, tun daga bayan danga nake ji.

MAI BISHARA: A ƙasar nan wata mayya ta riƙe hunturu shekara ɗari. Ko'ina ƙanƙara, kuma Kirsimeti ba ya zuwa.

TANKO: Tsaya. Shekara ɗari ba damina? Nawa ake sayar da tiyar gero?

MAI BISHARA: Marubucin bai faɗa ba.

TANKO: Ai ka ji. Bai taɓa noma ba.

MAI BISHARA: Sai mayyar ta yaudari ɗaya yaron da alewa, ya ci amanar 'yan'uwansa.

IYA: Alewar madara ko ta ɗinya?

MAI BISHARA: Ta Turkiyya.

IYA: Kwaɗayi mabuɗin wahala. Da jikana ne, da muciya zan tarbe shi.

MAI BISHARA: To nan ne darasin, Iya. Hukuncin maci amana kisa ne, amma zakin ya ce a kashe shi a madadin yaron. Aka aske masa geza, aka ɗaure shi a kan teburin dutse...

IYA: Af! Ashe wa'azin Ista ne ka sa masa wutsiya. Ka faɗa tun farko mana, da na ɗaura kallabin zumunta.

TANKO: Ni fatar nake tambaya. Wa ya ɗauka?

MAI BISHARA: Tanko, don Allah! Yara, wa zai faɗa mini... Ina Auta?

(Aka duba ɗaki, aka duba bayan gida. Can sai murya daga sama.)

AUTA: Baba! Ba mu da sif, adakar Iya kuma ta yi mini kaɗan, shi ne na shiga rumbu. Ba zaki a nan, ɓera ne kawai. Kuma na kasa fitowa!

IYA: Me na ce? Tatsuniyar rana!

TANKO: Bari in ɗauko tsani. Auta, tunda kana ciki, dami nawa ya rage wa babanka? Jiya ya ce mini ba shi da na rance.

AUTA: Goma sha biyu!

MAI BISHARA: An tashi daga makaranta.

IYA: Wa ya tashe ta? Ka bar mini zaki a ɗaure? Zauna ka kwance shi tukuna.