Alƙalami da tawada ba baƙinmu ba ne a Kaduna

Shekara 11 ke nan ina zaune a Lids, can arewacin Ingila. Da na zo gida hutun babbar Sallah, 'yar yayata ta ce, "Kawu, tashi in kai ka wani wuri." Ashe baje kolin zane ne a Unguwar Rimi, shago biyu aka haɗe aka shafe da farin fenti. Zane kusan 30 a bango, duk na alƙalami da baƙar tawada.

Na daɗe tsaye gaban guda biyu. Na farko Gadar Lugard ce, wadda aka gina a Zungeru a 1904 aka ɗauko ta zuwa Kaduna a 1954. Yaron da ya zana ta bai bar ƙusa ko ɗaya ba, har inda tsatsa ta ci ƙarfen ya nuna da ɗigo-ɗigo. Na biyu Kasuwar Barci ce: tulin gwanjo, rumfunan buhu, inuwa kuwa layi ne a kan layi, har ka ji kamar zafin azahar na dukan ka. Shi mai zanen yana gefe, gefen yatsansa ya yi baƙi ƙirin. Ya ce mini mako uku ya yi a kai. Tawada ba fensir ba ce da za a goge, in hannu ya kuskure sai dai a sake takarda.

Muna nan wani mutum ya shigo, shadda sai ƙyalli take. Ya tambayi kuɗin zanen kasuwar, aka ce naira 25,000. Sai ya ce, "Haba! Biro ne fa da takarda." Ya ɗauki hoto da wayarsa ya fice. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

A unguwar da nake zaune a Lids ana yin irin wannan a ɗakin karatu ko saman shagon shayi. Yawanci tsofaffin ma'aikata ne masu zana jiragen ruwa da tsofaffin gidaje. Ba na jin hannunsu ya fi na wannan yaro. Amma kowane zane da sunan mai shi da farashi a ƙasa, kuma in an saya sai a manna jan ɗigo. Kafin a tashi za ka ga jajayen ɗigo sun yi yawa, maƙwabta ne suka saya, ba attajirai ba. Babu mai taya aikin hannu kamar yana taya tumatir.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu ne bai kamata mu raina wannan sana'a ba. Wanda duk ya zauna a tsangaya ya san yadda ake feƙe alƙalamin gamba, ya san tawadar gawayi da ƙaro a cikin kurtu. Ranar sauka, allon zayyana ake riƙa wa yaro ya zaga dangi da shi, ana sa albarka ana ba da tukuici. Wanda ya zayyana allon nan gwanin layi ne, amma wa ya taɓa rubuta sunansa a ƙasa? Ta ɓangaren boko ma jihar nan ba baya ba ce. A Zariya ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958. Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafancan, ya yi suna da zanen alƙalami da tawada.

Akwai inda muka fi mutanen Lids, gaskiya. A can mutane shiru suke zagayawa kamar gidan makoki, furfura ta fi yawa. A Unguwar Rimi matasa ne cike da ɗakin, ana musu a kan wane layin kasuwa aka zana, wata yarinya har tana tambayar inda ake sayar da irin alƙalamin. Sha'awa tana nan. Masu zura hannu aljihu ne suka yi ƙaranci.

Na sayi zanen Kasuwar Barci ban taya ba. Kafin mu fita na roƙi mai ɗakin, in za su sake, su nemo wani alaramma mai zayyana a Tudun Wada ko Rigasa su rataye allunansa tare da na yaran, da sunansa da farashi a ƙasa. Ya ce akwai wani tsoho a layinsu, zai je ya gaishe shi bayan la'asar.