Ku ƙyale mai karanta labarin ɓarayi da 'yan sanda ya huta

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin wasu 'yan boko, wai littattafan 'yan fashi da jami'an sirri da harbe-harbe ɓata lokaci ne, ba adabi ba ne. Wallahi maganar nan tana sosa min rai.

Ku dubi magidancin da ya wuni a kasuwa babu ciniki, ya dawo gida an ɗauke wuta, kuɗin makarantar yara na jiransa, ga labarin an tare hanyar ƙauyensu an kwashe mutane. Wa zai kama? Tsadar rayuwa ba mutum ba ce balle a bi ta da gudu. Amma da zarar ya buɗe littafi, mugu yana da suna, yana da maɓoya, kuma kafin shafin ƙarshe asirinsa zai tonu. Abin da duniya ta hana shi ke nan, ya ga an fara rigima kuma an gama ta. Awa biyu zuciyarsa na dukan uku-uku saboda tashin hankalin wani, nasa ya ɗan lafa. Ni ban ga laifi a nan ba.

Kuma masu raina rubutun nan su gwada yi su gani. Babi gajere ne, ba ya ƙarewa sai an ƙwanƙwasa ƙofa ko an ji ƙarar bindiga. An ba jarumi wa'adi, in gari ya waye bai kai kuɗin ba za a kashe yarinyar. Marubuci ya sanar da kai abin da jarumin bai sani ba, kana kallo yana nufar tarko, ba damar ka ja shi baya. Shi ya sa ake cewa saura babi ɗaya in kwanta, sai a ji kiran assalatu.

Waɗanda suka yi sakandaren kwana a shekarun 1970 da 1980 sun san James Hadley Chase. Baturen Ingila ne, ya rubuta littattafai wajen 90, akasarinsu a Amurka labarin yake faruwa, alhali ba can yake zaune ba, da taswira da ƙamus na karin maganar Amurkawa ya riƙa aiki. Littafi ɗaya sai ya zagaye ɗakin kwana kaf, bango ya yage an liƙe da takarda, ana karantawa da tocila cikin bargo. Babban baƙin ciki shi ne ka kai ƙarshe ka tarar shafuka biyu sun ɓace! Daga 1977 kuma kamfanin Macmillan ya fara fito da jerin littattafan Pacesetters, inda aka dawo da irin wannan gudu da tsere cikin biranen Afirka. Da yawa daga masu cika baki da Turanci yau a nan suka koye shi.

Mu ma ba baƙi ba ne a fagen. Ganɗoki na Bello Kagara, da ya fito a 1934, yaƙi ne da bajinta tun daga farko. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, 1982, kan 'yan fasa-ƙwauri ya ginu.

Ban ce duka lafiya lau ba. Wasu cike suke da batsa da zubar da jini marar dalili, irin su Chase ɗin ma ba na yara ba ne, iyaye su sa ido.

Kukana ga marubutanmu na Wattpad, manhajar rubuta labarai da karanta su a waya, da zaurukan WhatsApp yake. Soyayya da kishiya sun samu rabonsu har sun yi yawa. Ina labarin direban tirela da ya gano abin da aka ɓoye masa a cikin kaya tsakanin Jibiya da Maraɗi? Ina na 'yar sandan ciki da ke farautar masu damfarar POS a Sabon Gari? Ku rubuta mana, za mu saya.