Gwanjon motocin caji ofis: a yi cigiya sosai kafin a sayar

Duk wanda ya taɓa shiga harabar babban caji ofis a Kano, Kaduna ko Jos ya san kusurwar da ake jibge motoci. Tayoyi sun sace sun nutse cikin ƙasa, ciyawa ta tsiro ta ƙarƙashi, rana ta cinye fenti. Wasu hatsari ne ya kawo su, wasu daga hannun ɓarayi aka ƙwato su, wasu kuma kayan shaida ne na shari'ar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Lokaci zuwa lokaci rundunar 'yan sandan jiha takan ba da sanarwa cewa masu su su zo da takardu, galibi cikin mako biyu ko uku, in ba haka ba a yi gwanjonsu. Yanzu da motar Kwatano ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, mutane da yawa sun zuba wa wannan gwanjo ido.

Ni ban ga laifin sayar da su ba, don motar da ta yi shekaru tana ruɓewa a rana ba ta amfani mai ita ba, ba ta amfani gwamnati ba. Abin da ke damuna shi ne irin cigiyar da ake yi. A ce an sace wa direban haya motarsa a Gusau, aka kama ta a Lakwaja bayan wata takwas. Ɓarawo ya riga ya cire lamba, ya sa ta bogi, ya sake fenti. Sanarwar ta fito da Turanci a jaridar da mutumin bai taɓa saye ba, kuma lambar bogin nan ce a rubuce. Ta ina zai san tasa ce? Abin da ba ya sauyuwa da sauƙi shi ne lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17 a motocin zamani, sai kuma lambar inji. Su ya kamata a wallafa tare da hoton kowace mota a intanet, a kuma karanta sanarwar a gidajen rediyo da harshen da jama'a ke ji. Malamanmu sun karantar da mu cewa tsintuwa mai daraja shekara guda ake yi ana cigiyarta. Ko dokar ƙasa ba ta kai nan ba, mako biyu ya yi kaɗan ga abin da mutum ya sayar da gona ya saya.

Wasu hukumomi sun ɗan buɗe ƙofa. Kwastan ta fara gwanjo ta intanet a 2017, zamanin shugabanta Hameed Ali. EFCC ta yi gwanjon motoci 891 ta intanet a Janairun 2025, kuma an yi ta ƙorafin cewa shafukan suna ƙin buɗewa. Duk da haka jama'a sun ga jerin motocin, sun sami bakin yin ƙorafi. Gwanjon da aka yi a bayan ofis, dillalai biyar suka raba kayan tun kafin gari ya ji, ko wannan damar ba ya bayarwa.

Kai kuma mai niyyar saye, takarda ce farkon abin dubawa, kafin inji. Ka nemi ganin umarnin kotu da ya halatta sayarwar, kuma lambar shasin motar ta kasance a ciki. Ka tabbata mai gwanjon yana da lasisi, ka karɓi rasit na hukuma. Wanda ya ja ka gefe ya ce "Alhaji, kawo wani abu in ajiye maka ita" ba ciniki yake yi da kai ba, rigima yake sayar maka. Ka kuma bincika ko an taɓa biya mata kuɗin fito, domin tun farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma masu fasa-ƙwauri ba su daina ba. Ranar da aka tare ka a hanyar Zariya, ko mai ita na asali ya gane ta a tasha, waɗannan takardun ne kawai za su yi maka magana.

Sannan ka je da makanikenka. Motar da ta daɗe a tsaye, man cikin tanki ya lalace, birki ya kama, ɓeraye sun ci wayoyi, sau da yawa batir da fitilu ma babu. Da wuya a bar ka ka tayar da ita, in kuma ka biya ba a mayarwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka lissafa kuɗin janwe, tayoyi huɗu, gyara da sabuwar rajista tun a gida, ka yanke iyakar abin da za ka taya, don zafin gwanjo yakan sa mutum ya wuce farashin kasuwa bai sani ba.

Nauyin da ya fi girma dai yana kan kwamishinonin 'yan sanda da alƙalan da ke sa hannu. Kada alƙali ya ba da umarnin sayarwa sai an nuna masa shaidar cewa an duba lambar shasin a rajistar motocin sata, an kuma yi shela a jihar da aka yi wa motar rajista.