Na'ura ba ta san wasan Bagobiri da Bayarabe ba

Shekaranjiya a zauren hira na waya na 'yan unguwarmu ta Runjin Sambo a Sakkwato na rubuta cewa mu haɗu da la'asar a gindin bishiyar bakin masallaci, za a raba takin da aka saya. Saƙon ya fito da taurari a inda "gindin" take. Ashe mai kula da zauren ya kunna abin nan da ke tace ashar da kansa. Wani dattijo ya bugo mini waya yana cewa, "Kai ɗana, mi ka rubuta haka da har aka rufe shi?" Ni da na kira mutane rabon taki, na koma mai wanke kaina.

Na san dalilin da ya sa ake son abin. Ni ma ina da ɗiya, kuma ba na son su buɗe waya su tarar da ƙato yana ɗura wa uwar wani ashar saboda gardamar siyasa. Amma wanda ya miƙa wa na'ura jerin kalmomi ya ce ta kama zagi, bai zauna ya duba yadda Bahaushe ke zagi ba.

Ɗauki "shege". Zagi ne mai nauyi, yana taɓa asalin mutum. Amma ka je gidan kallon ƙwallo a Mabera ka ji an ce "shegen yaron nan ya iya", yabo ne tsantsa. "Uwaka" da "ubanka" fa? Ka hana su, ka hana mutum ya ce Allah ya jiƙan ubanka. Ga kuma Bagobiri da ke kiran Bayarabe bawansa, Bafillace da Babarbare su yini suna yankar juna, a tashi ana dariya. Wasa ne da ya girmi kakanninmu, na'ura kuwa za ta ɗauke shi ƙiyayyar ƙabila. Turawan da suka ƙera abin ma ya ci su: a 1996 kamfanin intanet na AOL ya hana mutanen garin Scunthorpe na Ingila yin rajista, don kawai akwai harrufan wata batsa a tsakiyar sunan garinsu. Da harshensu ke nan. Ina ga namu, da muke rubuta shi ba alamar karin sauti, rabinmu ma ba sa sa ƙugiya, "ƙura" da "kura" duk ɗaya?

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke wucewa. "Aboki" kalma ce mai daɗi, amma duk wanda ya taɓa ci-rani a Legas ya san yadda ake jefa ta da raini. Wace na'ura za ta hana "aboki"? Habaici da gugar zana kuwa ba su da kalmar da za a kama. Mace ta rubuta "wasu dai an san gidan da suka fito", ta gama da kishiyarta, kuma ko harafi ɗaya ba za a rufe ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Masu ashar ɗin ma ba su da wahalar kaucewa, su sa ɗigo a tsakiyar kalma, ko su yi saƙon murya.

Ban ƙi mutum ya rubuta wa kansa kalmomin da ba ya son gani a shafinsa ba, Facebook da Instagram duk sun ba da wannan dama, ƙofar gidansa ce. Amma a zauren jama'a, a sa mutum biyu ko uku masu jin Hausa, har da Sakkwatanci, waɗanda suka san wa ke wasa da wa. A ja kunne sau ɗaya, a na biyu a fitar da mutum.

Na faɗa wa mai kula da zaurenmu haka. Ya ce ba ya da lokacin karanta saƙo ɗari uku a yini. Na ce to ya ba ni daren Laraba da na Asabar, ya nemo wanda zai riƙe sauran.