Yauƙin kuɓewa ba zai hana ka zuwa Shika ba

Masu tallar magani da lasifika, daga Kasuwar Bacci har tashar Kawo, sun samu sabon baiti: wai garin nan yana ƙarfafa garkuwar jiki, yana narkar da ciwon daji. A WhatsApp ma har da kalmar "polisakarid" ake haɗawa don maganar ta yi nauyi. Da ƙarya ce tsagwaronta da sauƙi. Matsalar ita ce akwai ƙwayar gaskiya a ciki.

Polisakarid sukari ne da aka jera ɗaruruwa ko dubbai kamar carbi. Sitacin rogo, ƙaron dakwara, yauƙin kuɓewa da na kuka, duk danginsa ne. Wasu daga cikinsu, musamman beta-gulukan, ƙirarsu ta yi kama da ta bangon wasu ƙwayoyin cuta, don haka idan fararen ƙwayoyin jini suka ci karo da su sai su ɗauka abokin gaba ya shigo, su tashi tsaye. An sha ganin ƙari ya motse a jikin ɓeraye ta wannan hanya.

Japan ce ta fi nisa. A 1969 Goro Chihara da abokan aikinsa suka tace lentinan, wani nau'in beta-gulukan, daga naman kazar shiitake, sai a 1985 aka amince da shi ga masu dajin ciki. Shekara 16 ke nan ana gwaji. Kuma ko da aka amince, allura ce tatacciya da ake yi tare da maganin asibiti, ba a madadinsa ba. Wannan ɓangaren ne mai lasifika ba ya faɗa.

Polisakarid ɗin da aka haɗiya kuwa hanyarsa daban. In ban da sitaci, yawancinsa hanjinmu ba ya iya narkar da shi, sai ya isa babban hanji inda ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke cin sa su samar da butiret, abincin fatar hanjin. Shi ya sa ake danganta yawan cin ganye, wake da hatsin da ba a surfe ba da raguwar haɗarin dajin hanji. Rigakafi ke nan. Ƙarin da ya riga ya kafu ba ya jin miyar kuka.

Ba raina tsirrai nake ba. Binkiristin da ake ba yara masu dajin jini daga wani furen Madagaska aka samo shi, Niprisan na masu sikila kuwa a NIPRD, cibiyar binciken harhaɗa magunguna ta Abuja, aka haɗa shi daga tsirran gida. Ƙorafina da jami'o'inmu ne: a jiƙa ganye, a ba ɓera, a rubuta takarda, a samu ƙarin girma, shi ke nan. Wa zai kai binciken ga gwaji a kan mutane? Aikin NICRAT, cibiyar bincike da kula da ciwon daji ta ƙasa, da masu ba da kuɗin bincike ke nan.

Lambar NAFDAC a jikin kwalba ma ba shaidar warkarwa ba ce. Galibi tana nuna an duba cewa abin ba guba ba ne. A 2022 an ƙiyasta sabbin masu ciwon daji a Najeriya sun haura 120,000, kuma likitoci sun daɗe suna kukan cewa yawanci sai abu ya yi nisa ake zuwa. Duk wata ukun da mace mai ƙullutu a nono ta ɓata tana shan jiƙo, daga cikin damarta aka cire su. Gara ta fara zuwa asibitin Barau Dikko na Kaduna ko asibitin koyarwa na Shika a ɗebi tsokar a auna, sannan ta gaya wa likita duk abin da take sha, don wasu jiƙe-jiƙen suna karo da maganin asibiti.