"Babu bambanci" ba hujja ba ce sai na ga yadda aka saita gwajin

'Yan'uwa masu aikin ƙididdiga, akwai wata ɗabi'a da ta daɗe tana damuna. Mutum zai ɗauki fayil biyu na bayanai ya kwatanta su, kwamfuta ta ce ba ta ga bambanci ba, shi ke nan sai ya tura rahoto yana murna. Ni kuwa tambayata ɗaya ce: me ka ce mata ta duba?

Mu ɗauki PROC COMPARE, umarnin kwatanta fayil biyu a manhajar ƙididdiga ta SAS, wanda masu gwajin magunguna suka dogara da shi ƙwarai, inda mutum biyu kan rubuta shirin kwamfuta kowa nasa daban, sannan a haɗa sakamakonsu a gani ko sun dace. Idan ba ka ba shi ID ba, wato ginshiƙin da ke nuna na wane ne kowane layi, layi na ɗaya zai haɗa da na ɗaya, na biyu da na biyu, bai damu da ko na mutum ɗaya ne ba. A cire layi guda a tsakiya, duk abin da ke ƙasa ya goce, bambance-bambance su yi ta zuba. Wannan ma da sauƙi, domin ido zai gani. Mai haɗarin shi ne idan layukan ƙarshe ne suka ɓace, ko ginshiƙi sukutum babu shi a fayil na biyu. A ƙasan rahoton zai ce duk ƙimomin da ya kwatanta daidai suke, kuma bai yi ƙarya ba: waɗanda ya kwatanta ɗin yake nufi. Labarin abin da ya ɓace yana can sama, inda mai gaggawa ba ya karantawa. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin, sai bayan kwanaki na lura adadin layukan bai zo ɗaya ba. Tun ranar nake sa LISTALL, zaɓin da ke jero layuka da ginshiƙan da ke fayil ɗaya kawai, kuma nake duba SYSINFO, lambar da SAS ke taƙaita sakamakon kwatancen a cikinta, nan take bayan gwajin. In ba sifili ba ne, akwai magana.

Sai batun rangwame, wato girman bambancin da za ka kawar wa kai. Kwamfuta ba ta iya riƙe 0.1 cif a lissafinta na sifili da ɗaya, shi ya sa 0.1 da 0.2 ke ba da 0.30000000000000004. Saboda haka a manhajar R, umarnin identical zai ce wannan ba 0.3 ba ne, umarnin all.equal kuma ya ce shi ne, don yana yafe bambancin da bai kai wajen 1.5e-8 (wato 0.000000015) ba. SAS kuwa da EXACT yake farawa, ba ya yafe komai sai ka taɓa METHOD (irin awon) ko CRITERION (iyakar rangwamen). Manhaja biyu, bayanai iri ɗaya, hukunci biyu.

Rangwamen kansa ba laifi ba ne. Abin da na ƙi shi ne mutum ya ga bambanci, sai ya yi ta faɗaɗa CRITERION har rahoto ya fito fes. Wannan rufa-rufa ce. A tsai da iyaka tun kafin a ga sakamako, a rubuta dalili. A kuma zaɓi irin awon da hankali: ABSOLUTE tazarar lambobin kawai yake aunawa, RELATIVE kuma yana auna ta da girman lambar. Ratar 0.5 a cikin miliyan ba komai ba ce, amma ga maganin da ma'auninsa 1 ne, rabi ke nan.

Kwanan wata ma kan yi wa mutane wayo. SAS da manhajar Stata daga 1 ga Janairun 1960 suke ƙirga ranaku, R daga 1 ga Janairun 1970. In ka ga ratar 3653 tana maimaituwa a kowane layi, kada ka wahalar da kanka, daga nan take.

Kada kuma a manta MAXPRINT, iyakar bambance-bambancen da PROC COMPARE ke jerowa a rahoto. Idan ba ka canza shi ba, bambanci 50 kacal zai nuna maka a kowane ginshiƙi, 500 a jimlace, sauran ba zai jero su ba.

Don haka duk wanda zai turo mini sakamakon kwatance, ya haɗo da layukan shirin da ya yi amfani da su, da adadin layuka da ginshiƙai na kowane fayil. Hoton layin ƙarshe shi kaɗai, ba na sa masa hannu.