Wa zai sa hannu ranar da maigida ya kasa?

Ɗan kasuwa a Gombe zai iya jibge buhunan masara a Tudun Hatsi, ga shaguna, ga asusu a banki biyu ko uku, amma duk lissafin yana cikin kansa da wayarsa. Ranar da hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jiki ya shanye, harshe ya karye, sai iyali su tarar dukiya na nan amma ba mai ikon taɓa ta. Babban ɗa ya je banki riƙe da takardar magani, ya ce ai sunansa Baba ya rubuta a gurbin magaji. Ma'aikaciya ta ba shi haƙuri, ta ce wannan sunan na wanda za a tuntuɓa ne kawai, bai ba kowa damar cire ko sisi ba. Kuma gaskiya ta faɗa.

Dabarar da muka saba ita ce miƙa katin ATM da lambar sirri ga yaron da ya fi kusa. Tana tafiya har zuwa ranar da kati ya daina aiki, ko banki ya nemi mai BVN ya zo da kansa. Mafi muni, ba shaida, ba rubutu. A gidan da ke da 'yan uba, wannan kati kaɗai ya isa ya raba zumunci, domin ko yaron waliyyi ne sai an ce ya ci.

Shi ya sa nake ganin duk mai abin hannu, ko da albashi ne ko fansho, ya kamata ya rubuta takardar wakilci tun yana da lafiya. Wasu za su ce kiran ciwo ne. Amma wakilci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manzon Allah (SAW) ya ba Urwatul Bariƙi dinare ya sayo masa akuya, kuma ayar bashi, ta 282 a Suratul Baƙara, ta ce idan wanda ake bi mai rauni ne ko ba zai iya shibta ba, waliyyinsa ya yi da adalci. Takardar wakilcin ta faɗi abin da wakili zai yi da wanda bai isa ya yi ba: ya karɓi haya, ya biya asibiti da makarantar yara, amma kada ya sayar da gona. A sa shaidu, lauya ya duba, a kai wa banki tun da wuri domin su ma suna da nasu fom. Idan ta shafi fili, a yi mata rajista a GOGIS, hukumar da ke kula da rajistar filaye a jihar Gombe.

Sai dai akwai giɓin da ya fi damuna. A ƙa'idar da kotunanmu suka gada daga Ingila, wakilci na yau da kullum yana faɗuwa da zarar wanda ya bayar ya rasa hankalinsa, kuma galibin malaman fiƙihu ma haka suke gani. Wato takardar tana amfanin wanda jikinsa ya kasa, amma dattijon da mantuwar tsufa ta cinye, wanda ya fi kowa buƙata, sai iyalinsa sun je gaban alƙali a naɗa masa mai kula. Ingila da kanta ta toshe wannan giɓi tun 1985, ta sake gyarawa da dokar 2005 wadda ta fara aiki a 2007: mutum ya zaɓi wakilinsa kan dukiya ko kan jinya, a yi rajista a ofishin gwamnati mai sa ido.

Na san tsoron da ke zukata, cewa wakili zai cinye dukiyar. Tsoro ne na gaskiya, amma mai riƙe da ATM a ɓoye ya fi samun damar ci fiye da wanda doka ta tilasta wa kawo lissafi. Majalisar dokokin jihar Gombe za ta iya zama da alƙalai da malamai da lauyoyi, ta yi dokar da za ta bar mutum ya ambaci wakilinsa tun da hankalinsa, ya zama likita ne zai tabbatar da ranar da wakilcin zai fara aiki, kuma kowane ɗa ko mata na da damar neman alƙali ya duba lissafin.